Shekara Biyar Turanci Ya Tsare Mini Hanya

Makon jiya na je shagon da ake buga takardu a unguwarmu, sai na tarar da wata yarinya a bakin ƙofa ta haɗa kai da gwiwa tana kuka, da takarda a hannunta duk ta duƙunƙune. Na tsuguna na ce, "Ƙanwata, lafiya?" Ba ta amsa ba, takardar kawai ta miƙo mini. Sakamakon jarrabawa ne. Komai ta ci har lissafi, amma a gaban Turanci an rubuta D7. Na zauna kusa da ita a kan dakalin, na daɗe ban iya cewa komai ba, domin ni ma na yi irin wannan zaman har sau huɗu. Ita ce ta sa na daure zan ba da labarin da na daɗe ina ɓoyewa.

A wani ƙauye na ƙasar Malumfashi aka haife ni. Mahaifina manomi ne, mu bakwai ne a ɗakinmu, ni ce ta huɗu. Ina aji biyar na firamare yayata ta rasu wajen haihuwa. Kwana biyu ta yi tana naƙuda a gida, kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti jini ya riga ya ƙare mata. Ni aka bari riƙe da fitila a ƙofar ɗaki a daren. Tun daga ranar na sa wa raina ungozoma zan zama, ta asibiti, wadda ta san abin da ake yi idan jini ya ɓalle. Da na faɗa wa Baba bai yi mini dariya ba. Cewa ya yi, "Allah Ya nufe ki da hakan, ni dai ba zan cire ki daga makaranta ba muddin kina ci."

A ƙa'idar wancan lokacin da harshen gida ake koyar da yara a shekaru ukun farko, daga aji huɗu a koma Turanci. Abin da muka gani mu shi ne malami ya cika allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, mu kwafa mu haddace. Hadda kuwa ba ta ba ni wuya, makarantar allo ta riga ta horar da ni. Sai na riƙa zuwa ta ɗaya ko ta biyu, kowa yana cewa yarinyar nan akwai kai. Ni kaina ban san cewa ba na iya haɗa jimla ɗaya tawa ta kaina ba.

Da na shiga sakandaren kwana asirina ya tonu. A can Hausa laifi ce. Suna ma aka ba ta, "banakula", kuma akwai monita mai ɗan littafi tana rubuta sunan duk wadda aka ji ta yi. Hukuncin tara ne ko yankan ciyawa ko wankin bayi. A zangon farko aka ba ni wani ɗan rubutu in karanta a gaban taron safe. A ciki akwai kalmar "people". Na karanta ta yadda bakina ya iya, "fiful". Gaba ɗaya filin ya kwashe da dariya, har wasu malamai na ga suna rufe baki. Na tsaya takardar tana rawa a hannuna, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Sunan ya bi ni har na gama makarantar. Ƙananan yara ma da suka shigo bayana, waɗanda ba su san asalin maganar ba, da shi suke kirana.

Sai na yanke shawarar da ta cuce ni: na daina magana. Idan na yi Hausa a ci ni tara, idan na yi Turanci a yi mini dariya, to shiru ya fi. Shekara shida ban ɗaga hannu a ajin Turanci ba. Ko na san amsa sai in rubuta a gefen littafi in yi zamana. A lissafi da kimiyya ina ja, saboda can lamba ce da zane da hadda. A Turanci kuwa dabarar da na ɗauka ita ce haddace manyan kalmomi daga ƙamus, a zatona tsawon kalma shi ne iya Turanci. Ina da littafi guda cike da su. Duk insha'in da aka ba mu sai na cusa su ciki, ko sun dace ko ba su dace ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan malamanmu. Ajinmu ya cika har wasu suna zama a ƙasa, malami ɗaya yana da azuzuwa da yawa, ba zai iya bin rubutun kowa ba. Abin da ke dawo mana jan biro ne kawai, an zagaye nan an ja layi can. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalilin da ya sa abin da na rubuta kuskure ne.

A 2009 na zauna WAEC, jarrabawar kammala sakandare. Na ci lissafi da darussan kimiyya uku da ake nema. Turanci F9. NECO, ɗaya jarrabawar kammala sakandaren, ta wannan shekarar ta fito da D7. Ga wanda bai sani ba, daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit, D7 da E8 wucewa ce da ba ta kai ka ko'ina, F9 faɗuwa. Makarantar ungozoma tana son kiredit biyar har da Turanci, kuma ba a haɗa sakamakon zama fiye da biyu. Tsakanina da burina mataki ɗaya ne, daga 7 zuwa 6. Daga baya na ji cewa a shekarar wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗanda suka zauna WAEC suka samu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi. A lokacin ban san da haka ba. Gani nake ni kaɗai ce daƙiƙiya a duniya.

Inna ta sayar da tunkiyarta aka biya mini ta ƙarshen shekara a 2010, wadda ake ce wa GCE. Na ƙara haddace kalmomi, na haddace wasiƙu guda biyar gaba ɗayansu ko Allah zai sa ɗaya ta fito. E8. Ranar da na dawo da takardar Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi fuskata, ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce, "Rabon ne bai zo ba, je ki ci abinci." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Garken da babu tunkiyar nan nake kallo kullum da safe.

Magana ta fara yawo a dangi. Ƙawayena duk sun yi aure, ni ina zaune ina jiran takarda. Baba ya kira ni zaure ya ce ya cika alkawarinsa iyakar ƙarfinsa, yanzu kuma mutane sun fara magana. Ban yi musu ba, domin ba ni da bakin yi. A 2011 aka ɗaura mini aure aka kai ni Funtuwa. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa wa mijina, cewa duk ranar da na ci jarrabawa zai bar ni in yi karatu. Allah Ya saka wa maigidana da alheri, bai taɓa warware maganar ba.

Shi ya biya mini ta 2012. Kafin lokacin wani abokinsa ya zo da shawara. Ya ce akwai makarantun da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutum amsa a allo, ko a shigo da ita a takarda, kowa ya kwafa, ana ce musu mirakul santa. Ya ce ai kowa haka yake yi, me zai sa in ta wahalar da kaina. Ba zan ɓoye ba, na amince a raina. Har ɗan kunnen gwal ɗina na aure na fito da shi zan sayar. Kwana uku ina juya maganar. A dare na uku ɗana na fari ya tashi da zazzaɓi, na ɗauko kwalbar maganin da aka ba mu, na zaro takardar da ke cikin kwalin don in ga nawa zan ba shi. Na karanta sau uku ban tabbatar da abin da take nufi ba, sai da na tashi maigida. Bayan yaron ya yi barci na zauna ina tunani. Idan na sayi kiredit na shiga makaranta na fito, wata rana matar wani tana zubar da jini a gabana, likita ya rubuta umarni a fayil, wa zan tasa ya karanta mini? Na tuna fitilar da na riƙe a ƙofar ɗakin yayata. Da gari ya waye na mayar da ɗan kunnen cikin akwati.

Na zauna jarrabawar da kaina, na sake samun D7. Bayan wata biyu da fitowar sakamakon Baba ya rasu. Wannan ne wurin da har yau ba na iya faɗarsa ba tare da hawaye ba. Ya tafi yana jin labarin faɗuwata ta huɗu. Na tattara littattafaina na zuba a buhu na tura ƙarƙashin gado, na ce na gama.

Gidan da muke haya, mahaifiyar mai gidan tana zaune a sashen baya. Tsohuwar malama ce da ta yi ritaya, kowa Hajiya yake ce mata. Yanar ido ta kama ta, ba ta ganin rubutu sosai. Wata rana ta aiko a kira ni in karanta mata takardar da aka ba ta a asibitin ido. Na so in ƙi, amma babu halin ƙin kiran babba. Na karanta ina tuntuɓe, ina jiran dariya. Ba ta yi ba. Da na gama ta ce, "'Yar nan, har aji nawa kika yi?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, na kwashe komai na gaya mata.

Ta ce in je in rubuto mata labarin ranar da na fara shiga asibiti, in zo in karanta mata tunda ita ba ta gani. Washegari bayan la'asar na zo. Ina cikin karantawa na kawo kan jimlar da na rubuta, "I heard the smell of medicine." Ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Faɗa mini da Hausa tukuna." Na ce, "Na ji warin magani." Ta ce, "To Hausarki ba ta da aibi ko kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza, kowane kuskure da kike yi yana da uwa da uba. Mu nemo su."

Ta sa na lissafa mata duk abin da Bahaushe yake ji. Yana jin magana, yana jin yunwa, yana jin wari, yana jin sanyi, yana jin daɗin miya, yana jin Larabci. Kalma ɗaya ce ta ɗauke wannan kaya duka. Ta ce Bature ya raba kayan gida-gida: na kunne "hear", na hanci "smell", na jiki da zuciya "feel", na harshe "taste", na fahimta "understand". Ni kuma da aka ce mini "ji" shi ne "hear", sai na ɗora masa kayan duka. Wallahi ji na yi kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Shekara goma sha biyu a makaranta ba wanda ya taɓa ajiye Hausa da Turanci gefe da gefe ya nuna mini inda suka rabu. An koya mini cewa Hausa ita ce cutar, a bar ta a bakin ƙofa.

Haka muka ci gaba kullum bayan la'asar, in share mata ɗaki in karanta mata abin da take so, ita kuma ta koya mini, ɗana yana wasa a kan tabarma. Na tambaye ta me ya sa ake jan layi a ƙarƙashin "borrow me your pen". Ta ce ni in gaya mata bambancin aro da rance. Na ce aro abin da ka karɓa shi za ka mayar, kamar tabarma ko tsani, rance kuwa madadinsa za ka mayar, kamar kuɗi ko hatsi. Ta ce, "Kin gani, Bahaushe abin da za a mayar ya duba. Bature bai damu da wannan ba, shi hannu yake dubawa. Mai bayarwa 'lend' yake yi, mai karɓa 'borrow'." Ban sake kuskure a kansu ba har yau.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne lokutan aikatau. Ta ce in faɗi "tafi" a jiya da gobe da kullum. Na ce na tafi, zan tafi, nakan tafi. Ta ce in lura, kalmar aikin tana nan yadda take, ɗan abin da ke gabanta ne yake sauyawa. "Mu a kan mai aikin muke ɗora lokaci. Su a jikin aikin suke ɗora shi: go, went, gone. Shi ya sa idan kin rubuta 'yesterday' sai ki ga kamar kin gama, ki bar 'go' yadda yake." Ta tuna mini Larabcin Islamiyya, yadda kataba yake komawa yaktubu, ta ce ai na riga na san harshen da ke yin haka. Sai ga abin da na haddace tun ina yarinya ya zo ya yi mini amfani.

Akwai kalmomin da ba sa karɓar jam'i, irin su "advice" da "information" da "furniture". Ni da na saba da shawara da shawarwari, sai in manna musu harafin jam'i. Ta ce in ɗauke su kamar gishiri, ba a cewa gishiri uku sai dai cokali uku. Ta kuma hana ni ce wa mutum "I am coming" alhali fita nake yi, ta ce "ina zuwa" ce tamu na sa wa rigar aro.

Ranar da na ba ta labarin "fiful" ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta ce in kira mata famfo, da fakiti, da fasfo, da firamare. Duk kalmomin Turanci ne masu farawa da p, harafin da ya kunyata ni, Hausa ta karɓe su ta mayar da su nata, saboda a wurinmu p da f sauti ɗaya ne, har ma Basakkwace yakan ce "hwara" inda Bakano zai ce "fara". Ta yage 'yar takarda ta ce in riƙe a gaban leɓena, idan na rufe leɓe na sake iska takardar ta motsa, na faɗi p daidai, a wajen f kuma haƙora na sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Sati biyu ina yi a madafi ina girki. Ta ce da Bature zai zo koyon Hausa, sai ya sha wuya kafin ya raba ƙ da k, ko ya gane dalilin da ya sa kujera mace ce tebur namiji, ko ya bambanta kai da ke da ku tunda shi "you" ɗaya gare shi, kuma ba wanda zai ce masa daƙiƙi. Har yanzu raina yana ɓaci idan na ga Bahaushe yana tozarta ɗan'uwansa a taro saboda ya yi tuntuɓe a Turanci. Da yawa daga masu dariyar ba su iya rubuta sakin layi ɗaya na Hausa daidai ba, kuma abin bai taɓa damunsu ba.

Hajiya ta taɓa yin aikin duba takardun jarrabawa, don haka ta san inda maki yake zubewa. Ta ce insha'i maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, kuma kowane kuskuren nahawu ko na harafi ko na aya rabin maki yake ci. Kuskure 20 sun share goman nan, alhali ana son kalma 450. Ta sa na kawo littafina na manyan kalmomi na karanta mata shafi biyu. Ta ce, "Ajiye shi. Duk kalmar da ba za ki iya gaya mini ma'anarta da Hausa ba, ba taki ba ce, kada ki rubuta ta." Ta hana ni doguwar jimla. Mai aiki, aiki, abin da aka yi wa, aya. A ɓangaren taƙaitawa ta nuna mini cewa kwafo jimlar marubucin da nake yi shi ke kashe ni, ana son in faɗi abin da bakina kuma a cikakkiyar jimla. Hanyarta ita ce in karanta, in rufe littafin, in gaya mata da Hausa, sannan in rubuta da Turanci mai sauƙi. Da dare kuma in kunna labaran BBC na Turanci bayan na riga na ji na Hausa, ta yadda na san zancen kafin ya zo.

Wata goma sha ɗaya muka yi a haka. A ƙarshen 2013 na zauna jarrabawa ta biyar da cikin wata bakwai, ƙafafuna a kumbure, bencin ya matse ni. A karon farko na karanta tambayar insha'i na ji ina da abin faɗa. Sakamako ya fito a farkon 2014. Ban iya zuwa dubawa ba saboda ina jego, maigida ne ya je. Ya shigo bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye takardar a kan cinyata. C5. Na ɗauki jaririyata na nufi sashen Hajiya ko mayafi ban tsaya ɗauka ba. Ta shafa takardar da hannunta tunda ba ta gani, ta ce in karanta mata da bakina. Bayan na karanta ta ce, "Alhamdu lillahi. Ki yi wa mahaifinki addu'a, shi ya fara."

Na yi shekara uku a makarantar ungozoma. Hajiya ta rasu ina shekara ta biyu, Allah Ya jiƙanta Ya haskaka kabarinta. Yanzu ina aiki a ɗakin haihuwa. Duk rahoton da muke rubutawa da Turanci ne, matan da muke karɓa kuma da Hausa suke faɗin ciwonsu, don haka kullum ina tsakanin harsunan nan biyu. Idan na gaji ko na yi sauri, har yau bakina yakan koma gida a kan harafin nan, wani lokaci in ga wani ya yi murmushi. Ina gyarawa in ci gaba da maganata.

Yarinyar da na gani a shago na karɓi lambar mahaifiyarta, na roƙa a bar ta ta riƙa zuwa gidana ranar Asabar da Lahadi idan ba ni da aiki. Jiya ta zo karo na farko, da littafinta na manyan kalmomi a cikin jaka. Na ce ta rubuta mini abin da ya faru ranar da ta je duba sakamako. A layi na uku ta rubuta, "I drank a lot of suffering." Ta ga na tsaya a wurin, sai ta sunkuyar da kai tana jiran jan biro. Na ajiye biron na ce ta faɗa mini da Hausa tukuna.